Tafinta

Mun sauka Marwa da hantsi, ni da Baba Haladu,
littafin na aljihunsa, bangon ya sha gumi,
fim ɗin na cikin wayata, sau tara yana kallo,
kullum yana nuni: nan suka bi, nan suka kauce.

Mai babur ya ce ya san wurin.
Muka haye gadar Kaliyawo, kogin ba ɗigon ruwa,
yara na ƙwallo a tsakiyar yashi,
mata sun haƙa rami suna kwalfar na wanki.

Ashe kotun ba kotu ba ce.
Tsohon siton auduga ne, ƙofar ƙarfe, rufin kwano,
jemagu sun yi sahu a inda tuta ta rataya.
Hamajam mai gadi ya karɓi sefa dubu,
ya ja sarƙa, ya ce mu shiga da bismilla.

Ga dandamalin alƙali, in ji shi:
buhunan iri ne aka ɗora wa katako.
Hasken da ya sauka a fuskar wanda ake tuhuma,
wanda ya sa ni kuka a ɗakina,
fitila ce a kan tsani, da janareto a waje.
Ni ma ina ciki, in ji shi, layi na uku, farar hula,
sau bakwai aka sa mu yi salati don mamaki,
na bakwan ne suka ɗauka, lokacin duk mun gaji.

Akwatin tsayuwar mai laifi yana nan a lungu,
Hamajam na ajiye albasa a ciki.

Baba bai yi dariya ba.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tafinta,
yana ɗauko magana daga Fulatanci da Hausa
ya haye da ita zuwa Faransanci,
kamar mai fito da ƙwai a ƙwarya.
Ya ce: a littafi an ɗaure mutumin,
a fim an sake shi, an sa kiɗa,
don mai sayen kallo ba ya son kwana da baƙin ciki.

Sai ya ture albasa da ƙafa, ya shiga akwatin,
ya dafa katakon da hannu biyu.
Ban taɓa ganin gajartarsa ba sai ran nan.

Ya ce: akwai wani Sali, mutumin Bogo,
shari'ar bijimi guda, wata ranar Laraba.
Ya ce da bakinsa: na kora.
Ni kuma, ga yunwa, ga zafi, ga alƙali na duban agogo,
na ce: na sata.
Taki ɗaya ne tsakanin kalmomin nan,
shekara uku ya yi yana taka shi.
Na ji lokacin da ta fita daga bakina.
Magana zarar bunu, na tsaya ina kallonta.

Siton ya yi tsit, sai motsin jemagu.
Ba alƙali, ba lauya, ba magatakarda,
daga ni sai mai gadi sai buhunan iri.
Hamajam ya cire hula ya mayar,
ba wanda ya ce ya yi salati, ya yi.

Na so in ce an sallame ka, Baba,
amma ba ni aka kora wa shekaru ba.

Da muka fito rana ta take tsaka.
Ya miƙa wa Hamajam littafin, ya ce riƙe.
Mai babur ya tambaya, sai masauki?
Baba ya karkaɗe ɓawon albasa daga wandonsa,
ya ce: nawa ne zuwa tashar Bogo?